Dabaibayin da ɗalibi ke ɗaura wa kansa: me ke kayar da masu ƙwazo a jami'o'in N'Djamena?

A kowace tsangaya ta Jami'ar N'Djamena, daga Farcha har Toukra, akwai wani ɗalibi da kowa ya san irinsa. A aji shi ne mai tambayar da ke sa malami ya dakata ya yi tunani. A gindin bishiya shi abokai ke kewayewa ya warware musu abin da ya shige musu duhu. Amma ranar da aka liƙa sakamako, sai a tarar da sunansa cikin masu maki 7 ko 8 cikin 20, ko ma a ga an rubuta bai zauna jarrabawar ba. In aka bi diddigi, za a ji cewa a daren jarrabawar ya kai ƙarfe biyu a majalisar shayi, ko ya tsallaka Kousseri rakiyar wani ya sayo kaya, ko kuma bai nemi takardun darasin ba sai da ya rage kwana biyu.

A gida za a ce lalaci ne. Abokai su ce rashin sa'a. Wata gwaggo ta ce baki ne ya kama shi, a nemo masa rubutu. Masana halayyar ɗan Adam suna da wani bayani da suka shafe fiye da shekara 40 suna gwadawa: ɗalibin da hannunsa ya ɗaura wa ƙafarsa dabaibayi kafin a fara tseren, kuma akwai ribar da yake samu, ko da bai san ita yake nema ba.

Ribar ita ce uzuri. Wanda ya yi karatu iya ƙarfinsa sannan ya faɗi ba shi da wurin ɓuya, sakamakon ya yi magana a kan ƙwaƙwalwarsa kai tsaye. Wanda bai buɗe littafi ba kuwa, in ya faɗi sai ya ce ai ban karanta ba ne, kuma har cikin zuciyarsa ya ci gaba da yarda cewa da ya karanta da ba mai kamo shi. In aka yi dace ya ci, to ya zama gwani na gwanaye, tunda ya ci ba tare da ya sha wahala ba. Ko ta ina aka juya, mutuncinsa ya tsira. Shekarar karatunsa ce ta tafi.

Ƙwayoyi biyu a kan tebur

A 1978 wasu masana biyu a Amurka, Steven Berglas da Edward Jones, suka wallafa sakamakon gwajin da ya zama tushen wannan fanni. Sun tara ɗaliban jami'a, suka ce musu ana binciken yadda wasu magunguna ke shafar kaifin tunani. Aka raba su gida biyu. Rukunin farko aka ba su tambayoyin da ake iya warwarewa da tunani. Rukuni na biyu aka ba su tambayoyin da galibinsu ba su da amsa ko kaɗan, sai dai mutum ya yi canke. Da aka gama, aka shaida wa kowa cewa ya yi abin a zo a gani.

A duba halin da ɗan rukuni na biyu ya shiga. An yaba masa, ya ji daɗi, amma shi kansa bai san yadda aka yi ya ci ba. Daga nan aka ce za a sake wata jarrabawar, kuma kafin a fara kowa zai zaɓi ɗaya daga cikin ƙwayoyi biyu. Ɗaya an ce tana ƙara kaifin ƙwaƙwalwa, ɗayar an ce tana dusashe ta. Duka biyun ba maganin gaske ba ne, amma ɗaliban ba su sani ba. Cikin waɗanda suka ci da guminsu, ƴan kaɗan ne suka nemi ƙwayar dusashewa. Cikin mazan da aka yaba wa kan nasarar da ba su san tushenta ba kuwa, akasarinsu ita suka zaɓa. Wato mutum da ransa da lafiyarsa ya miƙa hannu ya ɗauki abin da aka ce zai rage masa ƙoƙari, don kawai in ya kasa maimaita bajintar farko a ɗora laifin a kan ƙwaya.

Duk wanda ya san yadda ake shiga jami'a a Chadi zai gane wannan hali. Jarrabawar bak, wadda hukumar ONECS ke shiryawa, ƙofa ce mai ƙunci, an yi shekaru da dama da waɗanda suka faɗi suka fi waɗanda suka ci yawa. Wani sai a zagaye na biyu ya samu ya haye. Wani hadda ya zuba ba tare da fahimta ba, aka yi dace abin da ya haddace ya fito. A gida an yi guɗa, an yanka kaji, maƙwabta sun fara kiransa dakta ko lauya tun bai yi rajista ba. Shi kuwa a ransa yana jin kamar kuskure aka yi, kuma wata rana asiri zai tonu. A wannan shekarar dai ta 1978, wasu masana mata biyu, Pauline Clance da Suzanne Imes, suka bayyana irin wannan ji a tsakanin mata masu babban ilimi da muƙami, waɗanda duk da shaidun da ke hannunsu suke ganin kansu kamar sojan gona. Ɗalibin da ke ɗauke da wannan tsoro, kowace jarrabawa ranar wanka ce a wurinsa. Yana neman abin da zai rufe cibiyarsa.

Makaranta kanta tana taimaka masa. Martin Covington na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, shi da Carol Omelich, sun nuna a 1979 cewa ƙoƙari takobi ne mai kaifi biyu. Malamai sun fi tsananta wa ɗalibin da ya faɗi saboda bai yi ƙoƙari ba, amma ɗalibai sun fi jin kunya in suka faɗi bayan sun yi ƙoƙari sosai. Matashin da aka sa ya zaɓa tsakanin faɗan malami da kunyar a ce kansa ba ya ja, sau da yawa faɗan zai ɗauka. Malalaci sunan da ake iya faɗa ana dariya ne a majalisa. Daƙiƙi kuwa ba wanda ke son ya amsa shi.

Tun daga gida ake shuka abin. Claudia Mueller da Carol Dweck sun gwada yara ƴan kimanin shekara 10 zuwa 12 a 1998. Bayan sun warware wasu tambayoyi, aka ce wa wasu lallai kuna da basira, wasu kuma aka ce lallai kun yi aiki tuƙuru. Waɗanda aka yaba wa basira suka fi zaɓar aiki mai sauƙi, suka fi saurin karaya da tambayoyin suka yi tsauri, kuma kusan kashi 40 cikin 100 nasu suka yi ƙarya game da makinsu da aka ce su rubuta wa wasu yaran. Binciken da aka yi daga baya kan dubban ɗalibai ya nuna tasirin gyara irin wannan tunani ƙarami ne, don haka kada a mai da shi maganin a-sha-yanzu-magani-yanzu. Sai dai wanda ya taso yana jin "yaron nan kansa wuta ne, ko bai karanta ba yana ci" an ba shi kambin da sai ya guji karatu a gaban mutane zai iya riƙe shi.

Masu binciken sun lura da wani bambanci kuma. Maza sun fi ɗaura dabaibayin a aikace, su ƙi karatu, su raba dare, su sha wani abu. Mata sun fi ɗaura shi da baki, su ce kaina na ciwo, ban samu barci ba, alhali sun yi karatun. Na baki bai kai na aikace ɓarna ba, tunda karatun yana nan.

Garin da uzuri ke araha

Kusan duk waɗannan gwaje-gwaje an yi su ne kan ɗaliban Amurka, a jami'o'in da ake sanin ranar jarrabawa tun farkon shekara kuma ranar ba ta motsi. Ɗalibi a can sai ya ƙirƙiro uzurinsa. Ɗalibin N'Djamena ba ya bukatar wannan wahalar, uzuri yana zube a ƙofar gidansa, kuma na gaskiya ne.

Jami'ar, wadda aka kafa a 1971 da sunan Jami'ar Chadi kafin a sauya mata suna a 1994, a warwatse take cikin gari. Kimiyya tana Farcha, likitanci yana Gardolé, harsuna da nazarin zamantakewa suna Toukra, can ƙetaren kogin Chari a gunduma ta 9. Mai zama a arewacin gari sai ya yi asubanci ya jira motocin ɗalibai na hukumar CNOU, waɗanda ƙarancinsu ya sha jawo ƙorafi da zanga-zanga, ko kuma ya biya ɗan kilando kuɗin da ya kamata ya ci abinci da su. A watan Afrilu zafi kan wuce digiri 40, wuta kuma ta ɗauke. A 2016, bayan faɗuwar farashin man fetur, gwamnatin Idriss Déby ta fito da matakan tsuke bakin aljihu guda 16, ciki har da soke alawus ɗin wata-wata na ɗaliban da ke karatu a cikin gida. Yajin aiki mai tsawo ya biyo baya a ƙarshen wannan shekara, aka sake yin wani a 2018. Korona ta rufe makarantu a 2020. A Oktoban 2022 kogunan Chari da Logone suka yi ambaliya, gunduma ta 9 tana cikin inda abin ya fi muni. Ba banza ba ɗalibai ke kiran shekarar karatu "année élastique", shekara mai talewa kamar roba, inda digirin lisans na shekara uku kan ci huɗu ko biyar.

Ba ko ɗaya cikin waɗannan da ɗalibi ya ƙirƙira, kuma duk mai cewa matsalar ɗaliban Chadi a cikin kansu kawai take bai taɓa tsayuwa a layin mota da asuba ba. Amma a nan ne haɗarin yake. Inda cikas na gaskiya ya yi yawa, mai ɗaura wa kansa dabaibayi yakan ɓace cikin taro. Ba wanda zai tuhume shi, shi ma ba zai tuhumi kansa ba. Ɗalibai biyu za su ce mota ce ta sa suka rasa jarrabawa. Na farko ya fito ƙarfe biyar, motar ta cika ta bar shi. Na biyu ya san motar tana cika tun biyar da rabi, ya fito ƙarfe shida. Maganarsu ɗaya ce, kuma dukansu ba su yi ƙarya ba.

To ta yaya za a rarrabe? A ganina alama ta farko a ƙirji take. In aka ce an shiga yajin aiki ko an ɗage jarrabawa, kowa kan ji ɗan sauƙi, wannan ba komai ba ne. Amma wanda ya ji daɗi da aka ɗauke wuta a daren da ya kamata ya yi bita, wanda faɗuwa ta zo masa daidai da zama, ya kamata ya tsaya ya tambayi kansa. Akwai kuma cikas mai zaɓen rana. Ciwon kan da ba ya zuwa ranar wasan Real Madrid da Barcelona, da rashin kuɗin kilandon da ba ya hana zuwa biki a Walia, sai ranar gwaji. Akwai shelar uzuri tun kafin a shiga ɗaki, mutum ya bi abokai ɗaya bayan ɗaya yana cewa wallahi ko shafi ɗaya ban duba ba, kamar mai tara shaidu.

Alamar da ta fi duka ƙarfi ita ce ƙin taimako. Aboki mai babur ya ce zan biyo in ɗauke ka gobe, ya ce bar shi kawai. Wata ta ce ga takarduna ka yi fotokwafi, ya ce zan zo in karɓa, bai zo ba. Malami ya ce duk wanda bai gane ba ya same ni bayan darasi, shi ne farkon fita. Wanda cikas ya auka masa yana murna in an ɗauke masa shi. Wanda ke fakewa a bayansa kuwa, ɗauke shi tsiraici ne. Wannan ita ce ƙwayar Berglas da Jones, sai dai a nan ba a kan tebur aka ajiye ta ba.

Shekara mai talewa tana da wata illar da ba a cika magana a kanta ba: tana koya wa mutum cewa shiri asara ne. A Jami'ar Rochester, Celeste Kidd da abokan aikinta sun wallafa wani gwaji a 2013 kan yara ƴan shekara uku zuwa biyar. Aka yi wa kowane yaro alkawarin kawo masa kayan zane masu kyau in ya jira. Rabinsu aka cika musu alkawari, rabi aka dawo aka ce a yi haƙuri babu. Sannan aka ajiye wa kowa alewa ɗaya, aka ce in ya daure bai ci ba za a ƙara masa ta biyu. Waɗanda aka cika wa alkawari sun jira kimanin minti 12. Waɗanda aka saɓa wa, kimanin minti uku. Yaran ba su rasa haƙuri ba, lissafi suka yi. Ɗalibin da ya yi mako biyu yana bita aka ɗage jarrabawa, ya sake shiri aka sake ɗagewa, karo na uku zai ce sai na ga an raba takarda. A farko hankali ne. Matsalar ita ce ɗabi'ar ba ta tafiya ranar da kalanda ta daidaita. Yakan ɗauke ta ya tafi da ita Ngaoundéré ko Maroua, inda ɗaliban Chadi da yawa ke karatu, har ma ya kai ta wurin aiki.

Ƙofar shago a buɗe take

Ɗan Bahaushe a N'Djamena yana da nasa ƙarin kaya. Hausawa sun daɗe a wannan gari tun yana Fort-Lamy, wasu fatauci ya kawo kakanninsu, wasu hanyar Makka ce ta biyo da su suka yada zango suka zauna. A gidaje da yawa arziƙi da mutunci daga kasuwa da karatun allo suka fito, boko baƙo ne na baya-bayan nan. Yaro ya tashi da Hausa a tsakar gida, Larabcin Chadi a titi, Larabcin littafi a wurin malam, Faransanci sai a aji. Harshe huɗu ke nan, abin alfahari. Amma a babban ɗakin lacca, in ɗan wani gidan da ake Faransanci a kan tabarmar cin abinci ya miƙe yana zuba, sai ya ji shi ƙarami ne. Ya daina ɗaga hannu. Ya koma kujerar baya. In aka raba aikin gabatarwa a gaban aji, ranar ce ba shi da lafiya. Tsoron kada a yi masa dariya kan kuskuren nahawu ya hana shi yin maganar da ita ce kaɗai za ta gyara nahawun. Garin gudun gara ya faɗa gidan zago. Wanda ya bi ta Larabci zuwa Jami'ar Sarki Faisal ma bai tsira ba, don shi fargabarsa tana jiransa a kasuwar aiki, inda Faransanci ya fi rinjaye duk da cewa harsunan hukuma biyu ne.

Sai kuma shago. Babu laifi ɗalibi ya taya mahaifinsa ko yayansa tsaron kanti, wasu ma da shi suke biyan kuɗin rajista. Amma shago shi ne dabaibayi mafi kyan gani da ɗan Bahaushe zai iya samu, domin wanda ya fake da shi yabo yake sha. Ba wanda zai zagi yaron da ya bar bita ya je sauke kayan babansa. A lura da kyau, wani lokacin Alhaji bai kira shi ba. Shi ya kai kansa, kuma ya fi zuwa a makon jarrabawa. A ƙarƙashin wannan akwai wani nauyin da ɗan fari a boko kan ji: in ya yi nisa zai bar ƴan'uwansa a baya, zai zama baƙo a gidansu, za a ce ya zama nasara. Ga ɗiya mace abin ya fi fitowa fili, tana jin ana cewa mai digiri da yawa miji kan yi mata wuya. Wata ba za ta ce ta bar karatu ba, sai dai ta bari karatun ya bar ta, darasi ɗaya bayan ɗaya, har a ce ai ta gwada Allah bai yi ba.

Kundin da ba ya ƙarewa

Jan ƙafa shi ne dabaibayin da ya fi yawa, kuma an fi yi masa mummunar fahimta. Ana ɗauka rashin tsara lokaci ne, sai a ba ɗalibi shawarar ya zana jadawali. Ya zana, ya yi masa ado da jan biro, ya liƙa a bango, shi ke nan. Fuschia Sirois da Timothy Pychyl sun yi bayani a 2013 cewa jan ƙafa hanya ce ta guje wa ɓacin rai na yanzu. Buɗe littafin yana tayar da fargaba ko gundura ko kunya, rufe shi yana kawo sauƙi nan take, ƙwaƙwalwa kuma tana riƙe duk abin da ya kawo mata sauƙi. Dianne Tice da Roy Baumeister sun bi ɗalibai tsawon zangon karatu a 1997, suka ga masu jan ƙafa sun fi kwanciyar hankali da lafiya a farkon zango, amma a ƙarshe sun fi kowa damuwa da rashin lafiya, makinsu kuma ya fi ƙasa. Bashi ne mai ruwa, wanda ya ci shi ne mutumin yau, mai biya mutumin wata uku masu zuwa.

A N'Djamena wurin da wannan ya fi bayyana shi ne kundin kammala karatu. Akwai waɗanda suka cinye duk darussa, babi ɗaya ya rage, shekara biyu ana abu ɗaya. Za a ce malamin da ke dubawa ba ya samuwa, kuma sau da yawa haka ne. Amma a tambayi wasu yaushe rabon da su aika masa shafi. Ina ganin a nan tsoron gamawa ya fi tsoron faɗuwa ƙarfi. Muddin kundin bai ƙare ba, sunansa ɗalibi, suna mai daraja da ke sa a yi masa uzuri a gida. Ranar da ya kare kundin a gaban malamai, ya shiga sahun masu takarda ba aiki, waɗanda ƙungiyoyinsu suka sha fitowa suna neman a ɗauke su aikin gwamnati, wasunsu kuma suna kan kilando. Wanda ke hango wannan a gabansa ba abin mamaki ba ne in ƙafarsa ta yi nauyi a babin ƙarshe.

Abin da ke kwance igiyar

Faɗa ba ya kwance ta, ƙara ɗaure ta yake, tunda kunya ce ta ɗaura ta tun farko. Michael Wohl da abokan aikinsa a Jami'ar Carleton ta Kanada sun gano a 2010 cewa ɗaliban da suka yafe wa kansu jan ƙafar da suka yi kafin jarrabawar farko sun rage jan ƙafa kafin ta biyu. Wanda ke ta zagin kansa, littafin ya zama masa abin tuna laifi, sai ya ƙara nisantarsa.

Abu na biyu shi ne a sauya niyya ta koma alkawari mai wuri da lokaci. Peter Gollwitzer ya nemi ɗalibai a Jamus su rubuta rahoto a cikin hutun Kirsimeti. Wasu ya sa suka faɗi takamaiman wuri da lokacin da za su zauna su rubuta, wasu bai sa su ba. Kusan kashi uku cikin huɗu na rukunin farko suka rubuta a kan lokaci, a rukuni na biyu kashi ɗaya cikin uku. "Zan dage da karatu" ba ta kai ko'ina. "In na idar da sallar asuba, kafin rana ta yi zafi, zan zauna a zaure in amsa tambaya biyu daga jarrabawar bara" tana da ƙafafu. Kuma a garinmu dole alkawarin ya haɗa da cikas ɗin da aka san zai zo: in an ɗauke wuta ga inda zan je, in an shiga yajin aiki ga abokai biyun da za mu riƙa haɗuwa Litinin da Alhamis. Malamai kan tunatar da hadisin mutumin da aka umarta ya ɗaure raƙumarsa kafin ya dogara ga Allah. Ƙaddara gaskiya ce, amma wanda ya saki raƙumar da gangan don ya samu abin faɗa, ba tawakkali ya yi ba.

Na uku, kuma shi na fi ba muhimmanci, ɗalibi ya saba da faɗuwa a inda faɗuwa ba ta da tsada. Ya rufe littafi, ya gwada amsa tambaya, ya ga ya kasa, ya buɗe ya gyara. Henry Roediger da Jeffrey Karpicke sun nuna a 2006 cewa gwada kai ya fi maimaita karatu sa abu ya zauna a ka bayan mako guda. Ga mai tsoron asirinsa ya tonu akwai ƙarin amfani: ya tona wa kansa asirin a ɗaki shi kaɗai, ya ga abin da bai sani ba shafi goma ne, ba ƙwaƙwalwarsa duka ba. A nan malamai ke da rawar takawa. Tsarin LMD da ake bi ya tanadi gwaje-gwajen tsakiyar zango, amma in gwajin ya zama maki kawai a jikin allo, ba a mayar wa ɗalibi takardarsa ya ga inda ya kauce ba, to an sake shi cikin duhun da rukuni na biyu na gwajin 1978 suka shiga. Ya ci bai san dalili ba, ya faɗi bai san dalili ba. Na san aji mai ɗaruruwan ɗalibai ba ya barin malami ya yi wa kowa sharhi, amma rabin awa na warware amsoshi a kan allo bayan kowane gwaji ba ya fi ƙarfin kowa.

Iyaye kuma su duba irin tambayar da suke yi. "Na nawa ka zo?" tana auna yaron. "Wane darasi ne ya fi ba ka wuya bana, wa ke taimaka maka da shi?" tana ba shi damar faɗin rauninsa ba tare da ya zubar da girmansa ba. Uban da bai taɓa shiga aji ba ma zai iya yin ta biyun, kuma zai iya cewa a makon jarrabawa ba na son ganinka a shago.

Akwai inda duk wannan bayani ba ya aiki. Ɗalibin da ya shafe fiye da mako biyu ba ya jin daɗin komai, barci ya gagare shi ko ya yi masa yawa, abinci ya fita ransa, ya janye daga mutane, ko ya fara maganar gara ya mutu, wannan ba uzuri yake nema ba, alamun ciwon damuwa ne kuma yana bukatar ganin likita. Haka wanda ya fara da shan tramol don ya raba dare yana karatu har ya kai ba ya iya tashi sai da shi. Likitocin ƙwaƙwalwa ƴan ƙalilan ne a Chadi, amma likitan asibitin unguwa zai iya dubawa ya tura shi inda ya dace, kuma aboki ko ɗan'uwan da ya lura ya raka shi da ƙafarsa, kada ya tsaya a kan ba shi shawara.